Yadda Na Ɗauko Kawu Sale Daga Hayinsa

Tun da na dawo daga Hayin Sale ban huta da tambaya ba. A shago tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har wanda ya kawo mini injin ban ruwa gyara sai ya ajiye injin ya ja benci ya ce, "Wai Ɗanlami, da gaske ne abin da ake cewa ka gani?" Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har na ji wani a tashar Ikara yana rantsuwa wai aljanu ne ke mulkin unguwar. Babu aljani ko ɗaya. Mutane na gani, masu salla da gaisuwa kamar ni da ku, kuma shi ya sa abin ya fi tsaya mini a rai. Ga shi na rubuta, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage a ɗakinsu, shi ne auta. Tun yana saurayi ya bar Kurmin Kogi, inda Inna take har yanzu, ya tafi aikin rake a yammacin Makarfi, ya sari daji ya kafa bukka da tukunyar dafa mazarƙwaila. Mutane suka riƙa zuwa suna zama kusa da shi har wurin ya zama unguwa, aka naɗa shi mai unguwa, aka kira wurin da sunansa. Allah bai ba shi ɗa mai rai ba, matarsa kuma ta rasu. Amma kowace salla sai ya zo gaida Inna da buhun mazarƙwaila a bayan babur. Sai ga shi salla ta zo ta wuce babu shi, wata ta sake zuwa babu shi. In na kira wayarsa wani mutum ne ke ɗauka, mai sanyin murya, kullum maganarsa ɗaya: "Baba yana lafiya, yana gaishe ku, yana cikin zama ne."

Inna ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ido ya fara dushewa. Ranar da ta aika a kira ni na same ta a bakin gado ta juya fuska ga bango. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba ta ce, "Ɗanlami, je ka kawo mini Auta in gan shi. In ya mutu ne aka ɓoye mini, ka zo ka faɗa mini. In yana raye, ka sa shi a mota. Ni ban san ko zan ga wata damina ba." Na ce to. Abin da ya fitar da ni ke nan, ba yawon buɗe ido ba.

Na shiga bas a tashar Ikara da safe ina murna na tarar da mutum uku a ciki, ashe 'yan tasha ne ke zaman jan fasinja. Duk wanda ya shigo sai ɗaya daga cikinsu ya sulale. Da na gane na yi ta faɗa, wata tsohuwa mai kwandon barkono ta ce, "Ɗan nan, in ka ƙarar da faɗanka tun a tasha, da me za ka yi wa direba a hanya?" Gaskiyarta. Ba mu yi nisa ba motar ta yi tari ta mutu a gefen wata gonar masara. Duk maza muka sauka turi. Da yake ni makanike ne sai na leƙa injin na ce wa direba matatar mai ce ta toshe, ya ce in ji da turina. Garin turin maɗaurin takalmina ya tsinke, na shiga Makarfi da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

A Makarfi na ba mai gyaran takalmi, na zauna wurin wata mai abinci na ci dafaffen dankali da ƙuli da yaji. Su can suna zuba man gyaɗa da hannu sake, ba irin namu na Ikara da ake ɗiga shi kamar maganin ido ba. Ina ci na tambayi wani mai shayi da ke kusa hanyar Hayin Sale, don rabona da wurin tun yana gidaje 'yan kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Can wajen su Baba-ya-ce?" Na ce ban gane ba. Ya ce ai haka ake kiransu. "Ka tambayi ɗan Hayin ƙarfe nawa, sai ya ce maka bari ya ji abin da Baba ya ce. Amma fa unguwarsu ta fi tamu tsabta, wannan ba zan ɓoye ba." Na ce shi Baban, ya taɓa ganinsa kwanan nan? Ya juya cokali a kofi, ya ce, "Ana dai ganin rawaninsa."

Wannan magana ta bi ni har Tashar Yari. Na tsallaka babban titi da addu'a a baki, don manyan motocin nan ba su san mutum ba, na hau achaɓa. Abin da na gani a hanya ya ba ni mamaki. Inda na sani gonakin rake ne da fadama, yanzu gini ne ko'ina, wani an rufa wani an tsaya a linta, bulo a jibge, shagunan caji da na siminti. Ɗan achaɓan ya ce yawanci mutanen da suka gudo daga ƙauyukan yamma ne saboda rashin kwanciyar hankali, sai 'yan kasuwar bakin titi, sai ma'aikatan da hayar Zariya ta kora. Babu layi babu kwata. Wani ya yi katangarsa a tsakiyar hanya, sai mun zagaya ta bayan bayan-gidan wani.

Sannan muka iso kan iyaka. Ban san ƙaramar hukuma tana da iyakar da ake tsayawa ba sai ranar. Samari ne a ƙarƙashin mangwaro da gora a gicciye, suka ce nan ƙasar Makarfi ce, ɗan achaɓa ya nuna takardarsa ta yini suka ɗaga. Ba mu yi tafiyar kirki ba sai ga wasu da tasu gorar, suka ce nan ƙasar Kudan ce, waccan takarda ba ta aiki. Na ce musu to tsakanin gorarku da gorarsu ƙasar wa muka taka? Ɗaya ya ce, "Alhaji, in ka sani ka faɗa mana." Ni da ko Kano ban cika zuwa ba, ranar na zama Alhaji.

A bakin wani kwalbati ɗan achaɓan ya kashe babur ya ce in sauka. Na ce ai ba mu shiga ba. Ya ce, "Yau zama suke. Ba a shiga da ƙara." Ya juya babur ɗinsa, sai da ya tura shi da ƙafa ya yi nisa sannan ya tayar.

Na shiga da ƙafa, rana ta ɗan karkata bayan azahar. Daga kwalbatin nan komai ya canja. Layuka a miƙe, kwata a share, kowane gida da bishiya a ƙofa. Amma babu kowa. Shaguna a buɗe babu mai shago. Na ga teburin mai nama da wuƙa a kai, ƙuda na yawo, babu mahauci. Babu rediyo, babu injin niƙa, ko kukan yaro babu. Na yi sallama a wata ƙofa ba a amsa ba, alhali ina jin motsin mutum a bayan ƙyauren. Ni ba matsoraci ba ne, kowa ya sani, amma na ja na tsaya ina waige-waige.

Ina tsaye a tsakiyar layi sai na ji dum, daga gidan da ke damana. Taɓarya ce a turmi, amma turmin babu komai a ciki, don ƙarar ta fi ta daka zurfi. Sai wani gida ya amsa. Sai na bayana, sai na gaba, har unguwar duka ta ɗauka, dum, dum, dum, ba irin luguden 'yan mata mai daɗi ba, bugu ɗaya-ɗaya a tare, ƙasa tana amsawa a tafin ƙafata. A gidanmu Inna ba ta yarda a buga turmi wayam, ko da wasa. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Kamar yadda aka fara haka aka tsaya, lokaci ɗaya. Can sai wasu 'yan turame kaɗan suka buga daga nesa, su ma suka yi shiru. Sai na ji wata murya ta yi shela daga tsakiyar unguwa: "Baba ya ce a mayar da juji bayan makaranta! Baba ya ce daga gobe!" Nan take aka kunna rediyo a wani gida, yara suka fito da gudu, mahauci ya ɓullo daga kwana yana gyara hula ya ce mini sannu da zuwa kamar babu abin da ya faru.

Shi ya nuna mini ƙofar gidan mai unguwa. Maza na watsewa daga wurin, dattawa kaɗan suka rage a kan tabarma. Na yi sallama na faɗi ko ni wane ne. Wani dogon dattijo mai farin gemu ya miƙe ya riƙe hannuna da hannu biyu, yana buɗe baki na gane muryar waya. Sunansa Malam Isiyaku, shi ne limamin unguwar. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, ya sake komowa kan Inna. Na ce duk lafiya, ina Kawu? Ya ce, "Ga shi nan, bismilla."

Zauren yana da ɗaki a ciki, an saki asabari a ƙofar. Ta tsakanin karan ina hango mutum a kan kujera, babbar riga, farin rawani, hannu a kan gwiwa. Na durƙusa na ce, "Kawu, ina wuni? Ɗanlami ne na Inna." Shiru. Malam Isiyaku ya sa kai ta gefen asabarin, ya kai kunne, ya fito ya ce, "Baba ya ce lafiya lau, ya ce an zo lafiya?" Na ce, "Kawu, Inna ce ta aiko ni." Ya sake sa kai ya fito ya ce, "Baba ya ce yana gaishe ta ƙwarai."

Ni Kawu Sale na sani. Mutum ne da in ya yi dariya a Kurmin Kogi ana ji a bakin rafi, kuma bai taɓa kirana Ɗanlami ba, Makanike yake ce mini tun ina kwance rediyon mutane. Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na fizge asabarin har igiyarsa ta tsinke.

Yana raye. Wannan na fara gani, don idonsa ya juyo kaina. Amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, an sa tsumma a ƙarƙashin rawani yana tare miyau. Ya rame har rigar ta yi masa yawa. Da na dafa kafaɗarsa sai na ji wani abu a ƙarƙashin riga, na ɗaga, ashe zane ne aka naɗe aka ɗaure shi da jikin kujera ta ƙirji don kada ya kife. Na ce, "Kawu!" Leɓensa ya motsa, babu abin da ya fito sai iska.

Ban san duk abin da na faɗa ba. Na san na ce sun mayar da kawuna mutum-mutumin gona, na ce zan kai su gaban hukuma, na ce da liman ya ji tsoron Allah. Wani ya tashi ya janyo ƙofar zauren don kada a ji a waje. Da na gaji na zauna a ƙasa ina huci, Malam Isiyaku ya ce, "Duk abin da ka faɗa mun cancanta. Ka ci abinci tukuna, sannan ka ji namu."

A gidansa aka sauke ni, ɗakin baƙi mai tsabta da katifa da buta. Aka kawo fate mai zafi da yakuwa da gyaɗa, na ce ba zan ci ba, na kuma cinye. Yana zaune a bakin ƙofa ya ba ni labari. An naɗa Kawu tun kafin a raba Kudan da Makarfi, don haka dagacin wannan ɓangare da na wancan duk sun san da naɗinsa, babu mai iya cire shi. Amma kowannensu yana cewa Hayin a ƙasarsa yake. Ranar da kujerar ta zama babu kowa, ko aka tabbatar mai ita ba ya iya magana, kowa zai naɗo nasa. "Kuma ba mu suke so ba," in ji shi. "Fili suke so. Baba ya ware filin idi, da filin makaranta, da maƙabarta, da inda ruwa ke bi in an yi sama. Dillalan filaye sun daɗe suna zagaye su. Ka ga unguwannin da ka ratso? Su ma da suna da irin waɗannan filayen."

Na ce to shi ne za ku riƙa yi wa mutum ƙarya a baki? Ya ce da ciwon ya same shi sun rasa yadda za su yi. Mutane sun saba kawo ƙara ƙofar nan. Sai suka ce to a ci gaba da kawowa, jama'a su yanke, a ce Baba ya ce. Maza suna zama a ƙofar gida, wanda ya yarda ya miƙe tsaye. Mata kuwa suna cikin gida, kuma su ne suka fi sanin zancen ruwa da juji da yara, sai wata tsohuwa ta kawo shawarar turmi. Mai shela ya zaga ya faɗi magana, a yi tsit, masu eh su buga, sannan masu a'a su buga, dattawa biyu su hau tudun masallaci su saurara. Baƙo daga hukuma in ya zo, ya gaida rawani ta bayan asabari, liman ya isar da amsa, kuma ai manya dama ba su cika magana da bakinsu ba. Ya ce, "Yaro ƙarami a unguwar nan ya san halin da Baba ke ciki. Ba a taɓa samun wanda ya faɗa a waje ba."

Na kwatanta da namu. A unguwarmu ta Ikara kwata ɗaya ta toshe, mun shekara muna jiran kansila, shi ma yana jiran wani. Zan faɗi gaskiya, tsarin nasu ya burge ni, kuma na ji haushin yadda ya burge ni, don a kan ƙirjin kawuna aka ɗaure shi.

Da safe na koma wurin Kawu kafin a naɗa masa rawani. Yana kwance a ɗakin ciki, wata dattijuwa maƙwabciyarsa, Gwaggo Asabe, tana ba shi kunu da cokali. Ita ce ke haɗa matan da ke yi masa wanki da abinci bi da bi, maza kuma su yi masa wanka. Da ta gan ni sai ta ɗaga rigarsa ta baya ta nuna mini. Zaman kujera ya ci fatar, wurin ya yi ja ya fara ruwa. Ta sauke rigar ta ci gaba da ba shi kunu.

Na kama hannunsa na hagu, shi ne mai motsi. Na ce, "Kawu, Inna tana kiranka. Ta ce a kawo mata Auta." Ya damƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Na juya ga Malam Isiyaku na ce ka gani ko? Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Baba, jama'arka suna gaisuwa." Kawu ya saki nawa ya damƙe nasa, da ƙarfi iri ɗaya. Na so a ce bai yi haka ba.

Malam Isiyaku ya ce, "Jininka ne, ba mu da ikon hana ka. In ka kawo mota yanzu babu mai tare ka. Amma ina roƙonka ka bari a yi zama." Na ce a yi, amma ko me aka yanke ni da kawuna za mu tafi. Faɗa kawai nake yi. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba ma.

Bayan la'asar aka ɗaura masa rawani aka zaunar da shi, aka gyara asabarin da na tsinke. Maza suka cika ƙofar gida har bakin layi, wasu da kayan aiki a jikinsu. Aka ba ni dama na yi magana, na faɗi halin Inna. Wani magini ya ce shi daga yamma ya gudo, ya binne 'ya'ya biyu a maƙabartar nan, in aka sayar da ita ina zai kai ƙara? Wani ya ce a kawo Inna nan mana. Na ce matar da ba ta iya zuwa bakin ƙofa? Aka yi ta magana, babu mai ɗaga murya sai ni. Sannan liman ya ce wanda ya yarda Baba ya tafi ya miƙe. Mutum kaɗan suka miƙe, ba su kai a ƙirga ba. Sauran suka sunkuyar da kai, babu wanda ya iya kallona.

Mai shela ya tafi. Muna jin muryarsa tana nisa tana dawowa: "Yayar Baba tana kiransa gida, ba ta da lafiya! A bar shi ya tafi, ko kada a bar shi?" Ya dawo ya zauna. Unguwa ta yi tsit irin na jiya, sai dai yau na san abin da ake jira, kuma sanin bai rage mini komai ba. Shirun ya yi tsawo har na fid da rai.

Daga gidan da ke jikin na Kawu aka fara. Dum. Aka daɗe shi kaɗai yana bugawa. Sannan wani ya kama daga can ƙasan layi, sannan wani, sannan abin ya tashi gaba ɗaya har ƙurar katanga tana zubowa. Ba su tsaya inda suka saba tsayawa ba. Suka yi ta bugawa, mazajensu na zaune a waje kowa yana jin turmin gidansa. Na dubi asabari, na ga rawanin yana ɗan girgiza. Da aka zo kan masu a'a, ko turmi ɗaya bai yi ƙara ba.

A ƙa'idarsu in maza da mata suka saɓa, ajiye maganar ake yi sai wani zama. Kowa ya san haka, na ga wasu har sun fara neman takalmansu. Malam Isiyaku ya miƙe a hankali ya shiga bayan asabari. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Da ya fito idonsa ya yi ja, ya ce da mai shela, "Baba ya ce zai je ya ga yayarsa."

Washegari suka nemo mota da kansu, suka cire kujerar baya suka shimfiɗa katifa. Gwaggo Asabe ta ba ni ƙullin garin kunu da man da take shafa masa, ta yi mini bayanin yadda ake juya shi, ta maimaita har sau uku kamar tana magana da kurma. Mutane suka tsaya a ƙofofinsu har kwalbati. Rawanin na bar musu, ban san me ya sa ba, su ma ba su tambaya ba. Samarin gora na ɓangaren farko suka leƙo ta taga suka ga wanda ke kwance. Ɗaya ya ɗaga gora, ɗaya kuma ya koma gefe ya ciro waya.

Mun iso Kurmin Kogi kafin la'asar. Aka shigar da shi ɗakin Inna aka kwantar kusa da ita. Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu, ta shafa gemun, ta shafa karkataccen bakin, ta ce, "Auta, haka ka koma ba a faɗa mini ba?" Ya yi wani sauti, shi ne sauti na farko da na ji daga bakinsa. Ta ce, "Na ji, na ji. Yi shiru." Ta sa aka dama kunu ta ba shi da hannunta, rabi a baki rabi a riga. Na fita waje na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Yanzu gado biyu ne a ɗakin, tana yi masa hirar mutanen da suka mutu tun ban zo duniya ba, ciwon bayansa kuma ya bushe.

Ba a yi wata biyu ba Malam Isiyaku ya zo dubiya, da mazarƙwaila a leda. Ya gaida Inna, ya zauna wurin Kawu ya riƙe hannunsa, ya ce jama'a suna gaisuwa, kowa lafiya. Da na raka shi bakin hanya na tambaye shi unguwa. Ya ce masu unguwa biyu gare su yanzu, kowa da rawaninsa, kuma an daina zama, don ba a san ƙofar wa za a je ba. An yanka filin idi. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu ya ce ba don wannan ya zo ba, kuma da mahaifiyarsa ce ta aike shi, shi ma abin da zai yi ke nan.

"Roƙo ɗaya gare mu," in ji shi. "In ta Allah ta kasance, ku ba mu shi. Mun ajiye masa wuri kusa da matarsa, shi ya nuna da kansa tun yana da baki." Na ce in sha Allahu, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Ya tsayar da achaɓa, ya tattare rigarsa zai hau, sannan ya juyo.

"Amma ka kira ni da wuri, Ɗanlami, kada ku tsaya jiran 'yan'uwa na nesa. Shekaranjiya masu yanka fili sun kafa fegi a gefen kabarin matar tasa."